Kyandir Uku Da Darasin Karl Popper

Kusan shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, ina koyar da kimiyya a ƙananan azuzuwan sakandare, kuma a duk manhajar babu darasin da na fi ƙauna kamar darasin iska. Dalili kuwa shi ne, gwajinsa ba ya neman kayan da makarantarmu ba ta da su. Kyandir ɗaya, faranti mai ɗan zurfi, ruwan da aka jefa wa bula domin ya fito sosai, sai kwalba mai faɗin baki, shi ke nan an haɗa ɗakin gwaji. Sai a liƙa kyandir a tsakiyar faranti, a zuba ruwa, a kunna, a kifa kwalbar a kansa. Kafin wani lokaci wutar ta mutu, ruwa kuma ya hau cikin kwalba kamar ana jan sa da igiya. A nan ne yara kan ce "Kai!" baki ɗaya, ni kuma in gyara tsayuwa in yi musu bayanin da aka yi mini ina ɗalibi, wanda kuma na sha gani a littattafai. Wato kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne, kusan ɗaya bisa biyar ke nan, wutar ta cinye wannan kaso, ruwa kuma ya hau ya cike gurbinsa. Haka na koyar shekara da shekaru, haka na tambaya a jarrabawa, haka kuma na ba da maki.

Ana nan sai wata rana, cikin zango na biyu na shekarar 2016, na gama wannan bayani a aji biyu, sai wata yarinya da ke zama can bencin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, to idan aka sa kyandir uku fa?"

Na ce, "Daidai da na guda ɗaya ruwan zai hau, domin oksijin ɗin da ke cikin kwalbar bai ƙaru ba."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Malam, yayana ya taɓa nuna mana a gida. Da muka sa guda biyu sai ruwan ya fi hawa."

Ya kai mai karatu, da a ce na yi abin da ya kamata a wannan minti, da wannan rubutu bai samu ba. Kyandirori na nan cikin aljihun tebur, ashana na hannuna, gwajin ba zai ci minti biyar ba. Amma sai girman kai ya riga ni magana. Na ce mata, "To, tunda ke da yayanki kun fi littafi sani, gobe sai ki zo ki karɓi allin." Aji ya kwashe da dariya, yarinyar ta sunkuyar da kai, ni kuma na juya allo na ci gaba da rubutu kamar wanda ya ci yaƙi.

Da dare, bayan yara sun kwanta, abin ya ƙi barin zuciyata. Na ɗauko faranti da kwalba na zauna a tsakar gida. Na gwada da kyandir ɗaya, na ɗaura zare a inda ruwa ya tsaya. Na gwada da uku, sai ruwa ya wuce zaren nan sosai. Na ce ko hannuna ne ya karkace, na sake. Na sake har sau biyar. Maiɗakina ta leƙo ta gan ni tsakanin kyandirori da farantin ruwa, ta ce, "Malam, lafiya? Ko sana'ar duba ka fara?" Ban iya yin dariya ba, domin na gane cewa shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da bayanin da yarinya 'yar shekara goma sha uku ta rushe da tambaya guda.

A daren ne na tuna da wani suna da muka haddace lokacin da muke karatun difloma a fannin ilimi. A takardun da aka raba mana na tarihin kimiyya akwai layi biyu a kan wani Bature, Karl Popper, wanda aka ce ya ce alamar kimiyya ita ce a iya ƙaryata ta. Mun haddace, mun zuba a jarrabawa, mun manta. Daga baya na taɓa sayen wani tsohon littafinsa mai suna Conjectures and Refutations, wato hasashe da ƙaryatawa, a wajen masu baza littattafai a bakin titi, na ajiye shi yana shan ƙura. Washegari na kakkaɓe shi na fara karantawa da ƙamus a gefe, daga nan na ari tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, Unended Quest, a wajen wani abokina. Abin da na tsinta ne nake son in raba da 'yan uwana marubuta.

Malamin Makaranta Daga Biyana

An haifi Karl Popper ranar 28 ga Yuli, 1902, a Biyana, babban birnin Ostiriya. Mahaifinsa lauya ne mai tarin littattafai dubbai a gida, mahaifiyarsa kuma gwana ce wajen kaɗa fiyano. Asalinsu Yahudawa ne, amma iyayensa sun koma addinin Kirista. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918 ya bar Ostiriya cikin yunwa da faɗuwar darajar kuɗi, kuma a shekarar ce Popper ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya riƙa shiga laccoci a Jami'ar Biyana ba tare da an yi masa rajista ba.

Abin da ya fara jan hankalina gare shi shi ne, ashe ɗan uwana ne a sana'a. Daga 1922 zuwa 1924 ya yi koyon kafinta a wajen wani tsoho mai suna Adalbert Pösch, mutumin da yake ganin babu tambayar da ba shi da amsarta. Popper ya ce a gaban wannan maigida nasa ne ya gane cewa iyakar hikimar da zai samu ita ce sanin girman jahilcinsa. Ya sami takardar koyarwa a firamare, ya yi aikin kula da yaran da iyaye suka kasa riƙewa, ya sami digirin dakta a 1928, sannan a 1930 ya kama aikin koyar da lissafi da fiziks a sakandare. A shekarar ya auri Josefine Henninger, wadda ake kira Hennie, ita ma malamar makaranta. Da rana alli, da dare rubutu. Duk malamin da ya taɓa gama duba littattafan yara tamanin sannan ya ɗauki biro domin nasa rubutun, ya san irin wannan rayuwa.

Amma tushen tunaninsa ya riga aikin koyarwa. Shi da kansa ya ce a shekarar 1919 aka shuka shi, lokacin yana ɗan shekara 17, kuma abubuwa uku ne suka haɗu.

Na farko, a farkon shekarar ya rungumi aƙidar gurguzu ta Karl Marx, wadda masu bin ta ke kira kimiyyar tarihi. A watan Yuni, aka yi zanga-zanga a Biyana domin a kuɓutar da wasu 'yan gurguzu da aka tsare, 'yan sanda suka buɗe wuta, matasa da dama marasa makami suka mutu. Abin ya girgiza shi, domin aƙidar da ya ɗauka tana koyar da cewa juyin juya hali ba makawa sai ya zo, kuma jinin da aka zubar a hanya farashinsa ne. Sai ya tambayi kansa: me na sani haƙiƙa game da wannan alkawari, da har zan yarda a mutu dominsa? Daga baya ya lura cewa Marx ya yi hasashen da za a iya gwadawa, cewa juyin zai ɓarke a ƙasashen da masana'antu suka fi bunƙasa, sai ga shi ya ɓarke a Rasha ta manoma a 1917. Maimakon mabiya su ce an yi kuskure, sai suka yi wa ra'in faci har ya zama babu abin da zai faru a duniya da ba za a ce ya gaskata shi ba.

Na biyu, ya yi aikin sa kai a wuraren kula da yara na Alfred Adler, masanin halayyar ɗan Adam wanda ke fassara ɗabi'un mutane da jin ƙasƙanci. Wata rana Popper ya kai masa labarin wani yaro da yake ganin bai dace da wannan ra'i ba. Adler bai ko ga yaron ba, amma nan take ya fassara matsalarsa da jin ƙasƙanci, ya kuma kafa hujja da yawan irinta da ya gani a baya. Popper ya ga cewa kowane sabon labari ana fassara shi da tsofaffin, sannan a lissafa shi a matsayin ƙarin hujja. Mutumin da ya tura yaro cikin kogi, da wanda ya faɗa kogi domin ya ceci yaro, duka ra'in zai yi bayaninsu ba tare da gumi ba. Haka ma ra'in Sigmund Freud.

Na uku ya zo daga sama. A 1915 Albert Einstein ya fito da ra'in da ke cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken tauraron da ya gifta kusa da ita, har ya faɗi gwargwadon lanƙwasar, wanda ya ninka abin da lissafin Isaac Newton zai bayar. Ba a ganin taurarin da ke kusa da rana sai lokacin husufi. Ranar 29 ga Mayu, 1919, aka yi cikakken husufin rana, Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa a tsibirin Firinsife da ke tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, wani ayarin kuma ya tafi Sobral ta ƙasar Birazil. A watan Nuwamba aka bayyana a Landan cewa awon ya yi daidai da maganar Einstein. Abin da ya burge Popper shi ne kasadar da ke ciki. Einstein ya miƙa wuyansa tun kafin a ɗauki hoto: idan hasken bai lanƙwasa ba, ra'insa ya mutu.

Farar Balbela

Daga nan Popper ya fitar da ma'auninsa. Ra'in da ya yi bayanin komai, wanda babu abin da zai faru ya saɓa masa, ƙarfin da ake gani a jikinsa shi ne rauninsa. Mu ɗauki misali daga gida. Mai duba ya ce maka akwai tafiya a gabanka, kuma akwai wani na kusa da ba ya son ci gabanka. Yaushe wannan magana za ta zama ƙarya? In ka je Legas ta tabbata, in ka je ƙauyenku ta tabbata, in ba ka je ko'ina ba a ce lokaci ne bai yi ba. Haka wanda ya ce gobe ko a yi ruwa ko kada a yi, bai yi ƙarya ba, amma bai gaya wa manomi komai ba. Wanda ya ce gobe da la'asar za a yi ruwa a garin nan, shi ne ya faɗi wani abu, domin gobe za ta iya kunyata shi. Gwargwadon abin da magana ta hana faruwa, gwargwadon abin da ta faɗa game da duniya.

Akwai kuma tsohuwar matsalar da David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotilan, ya tayar tun ƙarni na 18. In ka ga balbela dubu duka farare, shin hankali ya ba ka izinin cewa duk balbela fara ce? Hume ya ce a'a, domin ba ka ga ta dubu da ɗaya ba, sabo ne kawai yake sa mu ɗauka gobe za ta yi kama da jiya. Turawa sun ɗanɗana wannan da wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya, ɗan uwan dinya, da suke kira suwan. Sun daɗe suna ganin farare kaɗai, sai a 1697 matafiyan Holan suka tarar da baƙaƙe a yammacin Ostireliya. Popper ya ce Hume ya yi gaskiya, amma akwai ƙofar fita. Farare dubu ba su isa su tabbatar da doka ba, baƙa ɗaya kuwa ta isa ta rushe ta. Saboda haka aikin ɗan kimiyya shi ne ya yi hasashe mai ƙarfin hali, sannan ya bi duk hanyar da zai iya domin ya karya shi. Wanda ya tsira daga gwaji mai tsanani a riƙe shi, a yi aiki da shi, amma riƙon aro, domin ba a san abin da gwajin gobe zai kawo ba. Dokokin Newton sun yi fiye da shekara 200 suna cin kowace jarrabawa kafin a ga iyakarsu.

Da na karanta wannan sai na ga kaina a madubi. Sau ɗari na yi gwajin kyandir ɗaya, sau ɗari ruwa ya hau, ni kuma ina lissafa kowanne a matsayin ƙarin hujja, tamkar Adler. Ban taɓa tambayar kaina me bayanina ya hana faruwa ba. Ya hana ruwa ya fi hawa in an ƙara kyandir. Yarinyar nan ita ta kawo baƙar balbela, ni kuma na kore ta da ba'a.

Ya kamata in yi wani ƙarin bayani a nan, domin na san tambayar da za ta zo wa mai karatu. A Biyana ta wancan zamani akwai wata ƙungiyar masana da ake kira Da'irar Biyana, ƙarƙashin Moritz Schlick, waɗanda ke cewa duk maganar da ba a iya tabbatar da ita ta hanyar gani da awo ba ta da ma'ana. Popper ya saɓa musu. Layin da ya ja tsakanin kimiyya ne da abin da ba kimiyya ba, bai ce abin da ke ɗaya gefen shirme ne ko ƙarya ba. Addini da ɗabi'a da falsafa da adabi suna da nasu muhallin, ma'aunin ɗakin gwaji ba nasu ba ne. Abin da ya ƙi shi ne a sa wa wani abu rigar kimiyya alhali an hana a gwada shi.

Wannan tunani ne ya zuba a littafinsa na farko, Logik der Forschung, wanda ya fito da Jamusanci a ƙarshen 1934, aka kuma buga shi da Turanci a 1959 da sunan The Logic of Scientific Discovery. Ga wani abu da zai yi wa marubuta daɗi ko ciwo: mawallafa sun ce rubutun ya yi tsawo, sai kawunsa Walter Schiff ya sa almakashi ya rage kusan rabi, kuma ragowar ce ta fitar da sunansa duniya.

Ganin yadda aƙidar Nazi ke ƙara ƙarfi, a 1937 shi da matarsa suka ƙaura zuwa Niyuzilan, inda ya sami aikin koyar da falsafa a garin Christchurch. A watan Maris na 1938 Hitler ya haɗiye Ostiriya, kuma 'yan uwan Popper da dama sun halaka a hannun 'yan Nazi. A can nesa ya rubuta The Open Society and Its Enemies, wato buɗaɗɗiyar al'umma da maƙiyanta, Hennie tana buga shi a tafireta tana sakewa. Mawallafa da dama sun ƙi karɓa kafin abokinsa Ernst Gombrich ya sama masa mai bugawa a Landan, ya fito a 1945. A ciki ya soki Aflatun da Hegel da Marx, ya kuma kai ma'auninsa fagen siyasa. Ya ce tun zamanin Aflatun ana tambayar wa ya kamata ya yi mulki, alhali tambayar da ta fi amfani ita ce yaya za a tsara hukuma yadda za a iya sauke mugun shugaba ba tare da zubar da jini ba. Tunda kowa yana kuskure, gara a yi gyara kaɗan-kaɗan, a duba sakamako, a janye in an ga ɓarna, da a rushe al'umma gaba ɗaya domin gina aljannar da wani ya zana a takarda. A 1946 ya koma Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, ya zama farfesa a 1949, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir a 1965, ya yi ritaya a 1969. Ya rasu ranar 17 ga Satumba, 1994, yana da shekara 92.

Laifi Tudu Ne

Ba zan yi wa Popper adalci ba in na yi masa yabo zalla, domin shi ne ya ce a yi suka. A 1962 wani Ba'amurke, Thomas Kuhn, ya fitar da The Structure of Scientific Revolutions, inda ya nuna daga tarihi cewa 'yan kimiyya ba sa yar da babban ra'i don gwaji ɗaya ya saɓa masa, kuma sau da yawa suna da gaskiya da suka ƙi. Alal misali, a farkon ƙarni na 19 an ga duniyar Yuranus tana kaucewa daga hanyar da lissafin Newton ya shata mata. Ba a yar da Newton ba. Urbain Le Verrier ya ce wata duniya ce da ba a gani ba take jan ta, ya lissafa inda take, aka duba a 1846 aka ga Naftun. Amma da ya sake yin wannan dabara a kan Makuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, ya ce akwai wata ɓoyayyiyar duniya a can, an nema an rasa, sai ra'in Einstein ne ya warware matsalar a 1915. Ke nan dabara ɗaya ta ci a nan ta faɗi a can, kuma babu ƙa'idar da za ta gaya maka tun farko yaushe ne faci halal ne. Popper ya amsa cewa facin da ya kawo sabon hasashe da za a iya gwadawa, irin na Naftun, ba laifi ba ne, wanda ake gudu shi ne facin da aikinsa kawai toshe bakin mai tambaya. Amsar ta gamsar da ni a aikina na aji, duk da cewa masana ba su daina muhawara a kanta ba.

Daɗin daɗawa, mutumin da ya gina falsafarsa a kan karɓar suka an san shi da rashin haƙuri da masu sukarsa. Ya ɓata da wasu daga cikin manyan almajiransa, har ana tsokana cewa mai littafin buɗaɗɗiyar al'umma shi ma yana cikin maƙiyanta. A watan Oktoba na 1946, a wani taro a Kambirij, ya yi sa-in-sa da Ludwig Wittgenstein, wanda ke riƙe da ƙarfen tona wuta yana kaɗawa, kuma waɗanda suka halarta ba su taɓa haɗuwa a kan yadda abin ya gudana ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban yi mamaki ba, domin ni ma na koyar da babin "hanyar binciken kimiyya" a zangon farko, na kuma kunyata mai bincike a zango na biyu.

Komawa Aji

Kwana huɗu na yi ina kai-kawo. Wani abokin aikina ya ce in bar zancen, wai malamin da ya ce ya yi kuskure a gaban yara ya zubar da girmansa, ba zai sake iya riƙe aji ba. Maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya, duk wanda ya tsaya gaban yara saba'in ya san haka. Amma na lura a kwanakin nan yarinyar ba ta sake ɗaga hannu ba, kuma waɗanda suka yi dariya sun koyi darasin da ya fi kuskuren kyandir muni, wato tambaya abin kunya ce.

Ranar Litinin na shiga da faranti biyu da kyandir huɗu. Na kira ta gaba, na ba ta ashana, na ce, "'Yata, zo ki nuna mana abin da kika gani a gida." Hannunta na rawa ta kunna. Da ruwa ya wuce zare, aji ya yi tsit. Na ce musu, "Ranar Laraba na yi kuskure biyu. Na ba ku bayanin da ba daidai ba, na kuma yi wa wadda ta gyara ni ba'a. Na biyun ya fi girma, kuma ina neman afuwarta a gabanku."

Sannan muka nemi bayanin da zai ɗauki abin da muka gani. Wuta tana ɗumama iskar da ke kewaye da ita, iska mai zafi tana buɗewa, wata ma ta fice ta ƙarƙashin bakin kwalba, su ne 'yan kumfan da na sha gani ina kau da kai. Da wutar ta mutu sai iskar ta huce ta tsuke, matsinta ya ragu, iskar waje ta danna ruwan faranti ya hau. Shi ya sa yawancin hawan yake zuwa bayan mutuwar wuta. Kyandir uku sun fi ɗaya zafi, sai su kori iska mai yawa. Ban da haka, kyandir yana mutuwa tun da sauran oksijin mai yawa a kwalba, kuma wanda ya ci yana mayar da wani kaso na gurbinsa da iskar kabon dayoksaid da tururi. Kashi 21 ɗin nan gaskiya ne, an auna shi ta wasu hanyoyi, wannan gwaji ne kawai ba shi ke nuna shi ba.

Sai na tambaye su, "To wannan sabon bayani, me zai ƙaryata shi?" Aka yi shiru, can wani yaro ya ce, in zafi ne, to ko babu kyandir ruwa zai hau in kwalbar ta yi zafi. Muka aika aka karɓo ruwan zafi wajen mai shayin bakin ƙofa, muka ɗauraye kwalba da shi, muka kifa ta a faranti babu wuta. Muna kallo, sannu a hankali, ruwa ya fara hawa. Ban taɓa jin ihu irin na ranar a ajina ba. Popper yana kwatanta tsohon ra'in koyo da bokiti, wanda ake zuba wa ilimi har ya cika, shi kuma ya ce hankali tocila ne, tambaya ce ke nuna masa inda zai haska. A ranar na ga bambancin da idona. Girmana kuwa bai zube ba, sai dai tambayoyi sun yi yawa har wasu ranaku ina cewa, "Ban sani ba, mu bincika."

Gare Mu Marubuta

Mai karatu zai ce, me ya haɗa wannan da mujallar adabi? Na san ƙagaggen labari ba ra'in kimiyya ba ne, babu husufin da zai ƙaryata waƙa. Amma ɗabi'ar ɗaya ce. Da yawa daga cikinmu in mun gama rubutu muna kai shi ne wajen wanda muka san zai ce "Madalla", mu tara madalla goma mu ce littafi ya nuna. Farar balbela ke nan muke ƙirgawa. A zaman karatu na ƙungiya, in wani ya ce jarumar labarinka ta canza hali a babi na biyar ba dalili, ko ya ce ƙarin waƙarka ya karye a baiti na uku, sai mu ce hassada ce, ko mu ce bai fahimci salo ba. Marubucin da kowace suka take zama hujjar gwanintarsa ya koma gidan Adler, babu abin da zai sake koya.

Haka mai sharhi, shi ma ma'aunin yana kansa. Wanda ya ce littafi "bai yi armashi ba" ya yi maganar mai duba, ba za a iya kama shi ba, kuma marubuci bai ƙaru da komai ba. Wanda ya ce a shafi kaza an ce uban ya rasu, a shafi kaza kuma ga shi yana ɗaura aure, ya miƙa wuyansa, kowa zai iya buɗe littafi ya duba. Irin wannan sharhi muke bukata, mai nuna wuri, mai yarda cewa shi ma za a iya gyara shi.

Ni dai tun daga 2016, duk labarin da na rubuta ina ba mutum biyu da na san ba sa jin kunyata, in roƙe su su nemo mini inda ya karye. Ba daɗi, wani lokaci sai na kwana biyu ban gaishe su da sakin fuska ba. Amma gara rubutu ya sha wuƙa a tsakar gida da ya sha ta a kasuwa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yarinyar nan ta gama makaranta tuntuni, na ji ta karanta aikin jinya. Duk shekara in na zo darasin iska, kyandir uku nake sa wa a aljihu, in jira in ga ko wani zai tambaya. In ba a tambaya ba, ni nake tambaya.

Allah Ya ba mu ikon karɓar gyara daga bakin babba da yaro, amin.